Rigar Aro da Sunan Maɗinki

A cikin makonnin da suka wuce wata 'yar gardama ta tashi a ɗaya daga cikin ɗakunan kwanan ɗalibai, har labarinta ya iso teburin wannan mujalla. Wani ɗalibi ne ya ƙawata fuskar kwamfutarsa da wani ado mai ban sha'awa: ga agogo a kusurwa, ga ma'aunin ƙarfin batir, ga jerin 'yan alamomi masu launi iri ɗaya, kome a shirye tsaf sai ka ce jeren ɗakin amarya. Abokansa suka gani suka yaba, suka roƙe shi ya ba su, shi kuwa ya yi ta rabawa yana karɓar godiya, har waɗansu suna ba shi ɗan abin shan shayi don ya ɗora musu. Ana nan sai wata ɗaliba ta ga adon ta gane shi, domin ta taɓa sauke shi daga inda mai shi ya ajiye shi kyauta a intanet. Da aka gwada biyun sai aka tarar ba su bambanta da kome ba sai a layi guda, inda ɗan'uwanmu ya goge sunan mai aikin ya rubuta nasa.

Da aka yi masa magana bai musa ba. Cewa ya yi, abin ai kyauta ne, mai shi bai yi asarar ko anini ba, kuma a duniyar kwamfuta kowa kwaikwayon wani yake yi. Ba mu da niyyar ambaton sunansa, domin ba tozarta kowa muke nufi ba. Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne, da yawa daga cikin waɗanda suka ji ta sun goyi bayansa, kuma hujjojinsa ba na banza ba ne gaba ɗaya. Saboda haka ya kamata a dube su ɗaya bayan ɗaya, a ba kowace haƙƙinta.

Kafin nan, bari mu ɗan yi bayani saboda mai karatun da bai saba da wannan sana'a ba. Tun da daɗewa akwai jama'a a ƙasashe dabam dabam waɗanda ba su gamsu da kamannin da kamfanoni ke ba kwamfuta ba, sai su zauna su zana nasu: hoton bango, da siffar tagogi, da 'yan alamomin da ake dannawa, da launin rubutu. Ba albashi ake biyansu ba, sha'awa ce kawai. Abin ya bunƙasa ne bayan fitowar Winamp a 1997, watau wata manhaja ta sauraron kiɗa wadda Justin Frankel da abokan aikinsa suka yi a Amurka. An gina ta yadda kowa zai iya sauya mata riga, rigar kuwa ba kome ba ce illa waɗansu 'yan hotuna da aka ɗaure a ƙunshi guda, wanda kowa ke iya kwancewa ya gyara. Dubban mutane suka duƙufa ga ɗinka mata riguna, har a 2020 wani masanin manhaja mai suna Jordan Eldredge ya buɗe musu gidan tarihi a intanet da riguna wajen 65,000. Shafin nan na masu zane da ake kira DeviantArt, wanda aka kafa a 2000, asalinsa matattarar masu irin wannan ado ce. A 2001 kuma Rainmeter ta fito, wadda ake ƙawata fuskar Windows da ita har yau, ita ma adonta rubutu ne a fili wanda kowa ke iya buɗewa ya karanta, kuma a cikinsa an tanadi gurbi na musamman inda mai aiki zai sa sunansa da sharuɗɗan da ya gindaya.

To, wannan sauƙin buɗewa shi ne albarkar sana'ar, shi ne kuma rauninta. Da shi ne almajiri ke koyo, domin yana iya kwance aikin gwani ya ga yadda aka harhaɗa shi. Da shi ne kuma marar amana ke samun hanya, domin aikin da ya ci wa wani wata guda ana iya sauya masa suna kafin ruwan shayi ya tafasa. Su kansu masu sana'ar sun daɗe da sanin haka, har suna da kalma ta musamman a Turancinsu mai ma'anar fizge, wadda suke jifan duk wanda ya kwashi aikin wani ya ce nasa ne. A wurinsu babu abin kunya da ya fi wannan.

Yanzu sai hujja ta farko, cewa kowa kwaikwayon wani yake yi. Wannan gaskiya ce, kuma tarihi ya tabbatar da ita fiye da yadda mai faɗinta ya sani. Tsarin nan da muka saba da shi na tagogi da alamomi da linzamin hannu ya girma ne a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto, a jihar Kaliforniya. A watan Disamba na 1979 Steve Jobs na kamfanin Apple ya ziyarci cibiyar ya ga abin da suke yi, bayan an ba Xerox damar sayen hannun jari a Apple. A 1984 Macintosh ta fito da irin wannan tsari, an gyara shi an inganta. A 1988 sai Apple ta kai ƙarar Microsoft da Hewlett-Packard, tana cewa sun kwaikwayi kamannin na'urarta. Ana cikin haka, a 1989, ita ma Xerox ta kai ƙarar Apple, amma kotu ta yi watsi da yawancin ƙorafinta. Ƙarar Apple kuwa ta kai har 1994, sa'ad da kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa yawancin abubuwan da ake jayayya a kansu suna cikin wata yarjejeniya da kamfanonin biyu, Apple da Microsoft, suka ƙulla tun 1985, kuma babu wanda zai mallaki ainihin dabarar mai da fuskar kwamfuta kamar teburin ofis. Ashe kuwa manyan ma laifi tudu ne a wurinsu, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

Amma fa mu lura da abin da hukuncin ya raba. Ya raba tsakanin dabara da aikin da aka fitar daga dabarar, kuma wannan rabo ba baƙo ba ne a wurinmu. Aska takwas da ake yi wa babbar riga ba ta kowa ba ce. Maɗinkin Zariya ya gaje ta, na Bida ya gaje ta, kowa ya koya a gaban wani, kuma babu wanda zai kai ƙarar ɗan'uwansa don ya zana ta. Amma idan wani ya shafe watanni yana aikin riga da allura, sa'an nan wani ya ɗauke ta daga shanya ya kai kasuwa yana cewa hannunsa ne ya yi, ko yaron da ya fara koyo jiya ya san sunan wannan abu. Wanda ya ga ado ya burge shi, ya zauna ya zana mai kama da shi da hannunsa, koyi ya yi, kuma da haka kowane gwani ya fara. Wanda ya ɗauki aikin wani da izninsa, ya sauya launi ko ya ƙara wani abu, ya rubuta cewa asalin na wane ne, gyaran nawa ne, shi ma bai yi laifi ba, gini ya ɗora a kan harsashin da aka ba shi. Na ukun shi ne wanda ya kwashi fayilolin yadda suke ya share suna. Hujjar cewa kowa na kwaikwayo tana kāre na farko da na biyu, amma ba ta isa ta lulluɓe na uku ba, domin shi bai kwaikwayi kome ba, ɗauka kawai ya yi.

Akwai wani wuri da maganar ta fi wuya, kuma ba za mu kauce masa ba. Yaya batun masu kwaikwayon adon manyan kamfanoni? A watan Janairu na 2000 Steve Jobs ya nuna wa duniya sabon kamannin kwamfutocin Apple mai suna Aqua, mai maɓallai masu sheƙi kamar ɗigon ruwa. Mac OS X da ke ɗauke da shi ba ta shiga kasuwa sosai ba sai Maris na 2001, amma tun kafin nan masu sha'awa sun riga sun ɗinka wa Windows da Linux riguna masu kama da shi. Lauyoyin Apple suka aika wa shafukan da ke ajiye irin waɗannan riguna takardu, aka sauke waɗansu. Jama'ar sana'ar suka fusata ƙwarai, suna cewa kamfanin da ya ɗebo daga Xerox ba shi da bakin hana yara wasa.

Ra'ayinmu a nan shi ne, ma'auni ɗaya ne ga babba da ƙarami. Matashin da ya dubi adon kamfani ya zana irinsa da hannunsa, ya faɗi a fili cewa koyi ne da na wane, kuma bai sayar ba, muna ganin tsoratar da shi da lauya rashin girma ne. Amma wanda ya kwance manhajar kamfani ya ciro ainihin hotunanta da tambarinta yana rabawa, ya ɗauki abin da ba nasa ba, ko da kuwa mai abin ya fi shi kuɗi sau dubu. Dukiyar wanda aka ɗaukar wa ba ta halatta ɗaukar. Kuma kada mu manta, a bayan kowane tambarin kamfani akwai mutum mai suna. Hoton nan na koren tudu da shuɗin sama wanda ya zo da Windows XP a 2001, wani mai ɗaukar hoto ne mai suna Charles O'Rear ya ɗauke shi a yankin Sonoma na Kaliforniya, kuma Microsoft, duk da ƙarfinta, sai da ta saya ta biya.

Hujja ta biyu ita ce, wai mai aikin bai yi asarar kome ba, tun da kyauta ya bayar kuma nasa yana nan a hannunsa. A nan ne muke ganin ɗan'uwanmu ya fi yin kuskure. Mutumin da ya ba da aikinsa kyauta ya yafe kuɗi ne, bai yafe suna ba, kuma akwai shaida a kan haka. An kafa ƙungiyar Creative Commons a 2001, ta fitar da lasisinta na farko a watan Disamba na 2002, don masu fasaha su sami hanyar sakin ayyukansu bisa sharuɗɗan da suka zaɓa: ko a yarda a gyara, ko a hana; ko a yarda a sayar, ko a hana. Da farko ambaton sunan mai aiki ma zaɓi ne, mutum na iya cewa ba ya bukata. Amma da aka ga kusan kowa yana zaɓensa, sai a 2004 aka mai da shi sharaɗi a dukkan manyan lasisin guda shida. Watau mutanen da suka yarda a kwafi aikinsu, a gyara shi, har a ci riba da shi, abu ɗaya ne suka ƙi saki, shi ne sunansu. Mai zanen nan na ƙasar Barazil, Everaldo Coelho, ya saki jerin alamominsa masu suna Crystal bisa lasisi mai 'yanci, aka yi ta amfani da su a kwamfutoci masu Linux da shafuka barkatai, amma har yau in an ambaci Crystal da sunansa ake haɗa ta. Wannan shi ne ladan aikinsa, kuma shi ne irin ladan da ɗan'uwanmu ya hana wani.

Wanda yake ganin zanen 'yar alama ba aiki ba ne, ya gwada. Susan Kare, wadda ta zana alamomin Macintosh ta farko, tana aiki ne a cikin fili mai ɗigo 32 a tsaye da 32 a kwance, watau ɗigo 1,024, kowane ɗaya ko baƙi ko fari. A cikin wannan ɗan ƙunci ta fitar da kwandon shara da agogon hannu da fuska mai murmushi, yadda kowa zai gane su da gani ɗaya. Kowane ɗigo shawara ce da aka yanke. Mai ɗinka ado a yau yana yanke irin waɗannan shawarwari ɗaruruwa, galibi da dare bayan ya taso daga aikin da ke ciyar da shi. In ya wayi gari ya ga aikinsa yana yawo da sunan wani, to an mai da shi kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ke biyo baya kuwa sananne ne: wani ya daina saki, wani ya kulle aikinsa yadda ba za a iya buɗewa ba, wani ya cika shi da tambari har ya ɓata kyansa. Asarar a ƙarshe tana komawa kan almajirin gobe, wanda zai zo ya tarar an rufe ƙofar da na gabansa suka shiga ta ciki.

Doka ma ta san wannan bambanci. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ƙasashe suka ƙulla don kāre ayyukan adabi da fasaha, an yi mata ƙari a birnin Rum a 1928, inda aka amince cewa mai aiki yana da haƙƙin a danganta masa aikinsa ko da ya sayar da haƙƙin cin ribarsa. Nijeriya ta shiga wannan yarjejeniya a 1993, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta tabbatar wa mai aiki wannan haƙƙi. Amma ba tsoron kotu muke so ya zama dalili ba. Kowa ya sani mai zanen da ke wata nahiya ba zai taso ya zo ɗakin kwanan ɗalibai neman haƙƙinsa ba. Don haka ne ma abin ya zama gwaji, gama halin mutum na gaskiya yana bayyana ne a inda ya tabbata babu mai kama shi.

Har ila yau, sunan nan ba mai aiki kaɗai yake amfana ba, har da mai amfani da aikin. Ado na zamani ba hoto ba ne kurum, sau da yawa yana ɗauke da umarnin da kwamfuta ke bi. A watan Maris na 2024 wani mai amfani da KDE, ɗaya daga cikin fuskokin Linux, ya ɗora wani ado da ya sauke daga rumbun da jama'a ke zuba nasu, sai adon ya share masa fayilolinsa. Masu kula da KDE sun bayyana cewa kuskure ne a rubutun umarni, ba mugunta ba, suka cire adon suka kuma gargaɗi jama'a. An iya yin haka ne domin an san inda abin ya fito. Adon da aka goge wa suna, aka bi da shi daga hannu zuwa hannu, in an gano aibi a cikinsa wa za a gaya wa? In mai shi ya gyara kuskure ya saki sabo, ta ina labari zai iso ga waɗanda suka karɓa a hannun ɗan'uwanmu? Shi da ya sa sunansa ba zai iya gyara abin da bai gina ba. Ɗalibin da ke da kundin bincikensa na shekarar ƙarshe a cikin kwamfutar ya kamata ya yi tunani a kan wannan.

Wataƙila wani zai ce, duk wannan dogon bayani a kan agogo da 'yan alamomi? Lalle abin ƙarami ne, amma hannun da ya saba goge suna a ƙaramin abu ba ya jin nauyin gogewa a babba. Ɗalibin da ya sa sunansa a adon wani yau, shi ne gobe zai ɗauko kundin da wani ya rubuta a wata jami'a ya sauya bangon farko. In ya kama aikin gwamnati, shi ne zai karɓi rahoton da ƙaramin ma'aikaci ya kwana yana rubutawa, ya miƙa wa na sama ba tare da ya ambace shi ba. Masu karatunmu da suka riga suka shiga ofis sun san zafin wannan, da yawansu an yi musu. Muna roƙonsu su tuna da zafin ranar da suka hau kujerar da za su iya yi wa wani.

Saboda haka muna ba da shawara huɗu, kuma babu wadda ke bukatar ko kwabo. Ta farko, duk wanda ya sauke ado ya karanta sharuɗɗan da ke tare da shi, in babu sharaɗi a rubuce kada ya ɗauka an ba shi izni, ya rubuta wa mai shi ya tambaya. Ta biyu, wanda ya gyara aikin wani ya bar sunan mai asali a inda yake, ya ƙara nasa a ƙasa tare da bayanin abin da ya sauya. Ta uku, wanda zai karɓi kuɗi don ya ɗora wa wani ado ya faɗi gaskiya cewa ladan ɗorawa yake karɓa, ya kuma tabbata lasisin bai hana ba. Ta huɗu, muna kira ga ƙungiyoyin ɗalibai masu nazarin kwamfuta da na zane su riƙa shirya zaman koyar da wannan sana'a, a kwance ayyukan gwanaye a gaban kowa a ga yadda aka yi su, sa'an nan a sa kowa ya yi nasa. Muna da zanen hula, da na bangon gidajen ƙasa, da na ƙwarya da na fata, waɗanda za su ƙawata fuskar kowace kwamfuta a duniya, in an sami masu haƙurin zama su zana.

Ga ɗan'uwanmu kuwa, ƙofa a buɗe take. Layi guda ya goge, layi guda zai mayar, sa'an nan ya gaya wa waɗanda ya ba su ko aikin wane ne. Ba zai ragu da kome ba, domin yabon gwani ya zama dole, kuma idon da ya iya zaɓen ado mai kyau ya riga ya kama hanyar yin nasa. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Ranar da ya kawo mana wanda ya zana da hannunsa, kome ƙanƙantarsa, za mu buga hotonsa a wannan mujalla da sunansa a ƙasa.

Allah ya sa mu gane, ya kuma ba mu ikon gyarawa.